Herminia, Kukun Gidan Tuta

Herminia ta riga ni zuwa layinmu. Lokacin da na kafa tukunyata a kusurwar titi ina sayar da tamal, wato alalar masara da ake naɗewa a ɓawonta, da kunun masara, na tarar ta daɗe tana girki a gidan jakadan da ke kallon wurina. Ni sunana Socorro, a nan birnin Mexico aka haife ni. Ita kuwa daga can kudu aka kawo ta, daga ƙaramar ƙasar da ke da gidan. Mu 'yan layin ba mu damu da kiran sunan ƙasar ba, Gidan Tuta kawai muke cewa.

Gidan asalinsa na wani attajirin auduga ne. Ya gina shi hawa biyu, da baranda mai faɗi da lambu a baya, daga bisani caca ta raba shi da shi. Ƙasar su Herminia ta saya a shekarun da gahawa ke da daraja, aka kafa tuta a barandar, aka liƙa tambari a jikin ƙofar ƙarfe. Jakada da iyalinsa suna kwana a sama, ofisoshi suna ƙasa, kicin kuma yana can ƙurya, da wani ɗan ɗaki a gefensa wanda ba shi da taga. A wannan ɗakin Herminia ta yi yawancin rayuwarta.

Matar wani jakada ce ta zo da ita, Doña Leonor. A gonar gahawar iyayen matar mahaifin Herminia yake aiki, sai aka ɗauko yarinyar tun ba ta gama girma ba, don uwar gida ba ta yarda da girkin mutanen Mexico ba. Da wa'adin jakadan ya ƙare suka kwashe kayansu, har da karen gidan, suka bar Herminia.

“Sai ta ce mini me, kin sani?” Herminia take ba ni labari wata safiya, tana hura kunun da na zuba mata. “Ta ce, Mina, ai ke ta gidan ce, kamar murhu. Wa ya taɓa tafiya da murhu?”

“Ke kuma kika ce me?”

“Na ce to, uwar gida, Allah ya kiyaye hanya.”

Dariya ta yi da ta faɗa. Haka take, gajeriya, mai ƙarfin damtse, idan ta yi dariya sai ta rufe baki da bayan hannu. Fasfonta tun ranar da ta sauka aka karɓe aka ce za a ajiye mata a ofis. Ba ta sake ganinsa ba, ba ta kuma taɓa tambaya ba. Ba ta iya karatu ba, kuma iyakar yawonta kasuwa da coci da gindin tukunyata.

A shekarun farko da na san gidan, wurin zuwa ne ga mutanensu. 'Yan ƙasarsu da ke aikin gini da wanki a birnin nan sukan yi layi tun da safe, wannan yana neman takardar aure, wancan an haifa masa yaro yana so a rubuta shi ɗan ƙasa, wata kuma mijinta ya faɗo daga bene ya mutu tana neman a sa hannu a kai gawarsa gida. Akawuna ba sa sauri, mutum zai iya wuni a tsaye. Herminia takan buɗe ƙofar baya ta miƙo musu wake da ayaba soyayya irin ta garinsu, tana tambayar kowa daga wane yanki yake. Ciniki take rage mini, na sha gaya mata.

“Ke mayya ce, Mina. Ni ina nan ina sayarwa, ke kina rabawa kyauta.”

“Yi haƙuri, ƙawata. Naki ai ba ya tuna musu da uwarsu.”

Sai sojoji suka ƙwace mulki a ƙasarsu. Aka kira jakadan farar hula gida, aka turo wani tsohon janar wanda ba ya komai sai barci da shan giya. Mai gidan na gaskiya shi ne wani Kanar Bustillo, dogo, mai laushin murya, mai gaida kowa. Ya sa aka ƙara tsawon katanga, aka kulle ƙofar baya. Layin masu neman takarda ya ragu, wani taron daban ya maye gurbinsa: 'yan gudun hijira, malaman makaranta da ɗalibai da matan da aka ɗauke wa maza, suna taruwa duk Asabar a gaban ƙofar da hotunan mutanensu da suka ɓace. Suna ihu, Kanar yana bayan labule a sama da kyamara. Duk layin mun san yana can.

A cikin masu taruwar akwai wani saurayi siriri mai gilashin ido, muryarsa ta fi jikinsa. Wata Asabar bayan an watse ya tsaya a wurina ya sayi kunu, ya daɗe yana kallon gidan, sannan ya ce, “Mama, ko kin san wata mata da ke aiki a ciki, Herminia?”

“Me ka haɗa da ita?”

“Yayata ce. Ina goye ta tafi. Sunana Abelardo.”

Da Herminia ta fito cefane washegari na zaunar da ita a kan akwatin gawayina kafin in gaya mata. Bayan tukunyata suka haɗu, inda rumfar mai sayar da jarida ta kare su daga tagogin gidan. Ta kama fuskarsa da hannu biyu tana juyawa kamar mai zaɓen kabewa.

“Kunnen Baba ne wannan,” ta ce. “Kai, amma ba ka cin abinci? Dubi wuyanka kamar na kaza.”

“Yaya, ke kuma duk abincin gidan nan ke kike cinyewa, na gani.”

Ta kai masa duka a kafaɗa tana kuka. Malamin firamare ne, an kashe abokan aikinsa biyu shi ya gudo, tare da matarsa Griselda. Ya baro mahaifiyarsu tana fama da ciwon ƙirji.

Daga nan kusan kullum sai ta fito masa da wani abu a ƙasan kwandon cefane, nama ko cuku ko ragowar kek na jakada. Shi kuma kullum magana ɗaya yake mata.

“Ki fito daga gidan nan, Yaya. Masu kashe mu kike ciyarwa.”

“In fito in je ina? Ko takarda ba ni da ita. 'Yan sanda su kama ni su miƙa ni can?”

“Za mu san yadda za mu yi.”

“Ku da kuke kwana ku tara a ɗaki ɗaya? Ci abincinka, malam.”

Mun ɗauka rumfar jarida ta ɓoye su. Ashe Kanar ya daɗe da sani. Wata rana da hantsi ya ce ta kawo masa gahawa sama da kanta. Ita ta ba ni labarin daga baya. Ta shiga ta tarar da hotuna baje a kan tebur, na Abelardo a sama. Kanar ya ja mata kujera, abin da ba wanda ya taɓa yi mata a gidan.

“Zauna, Mina. Ƙanenki ne wannan, ko? Kada ki ji tsoro. Yaro ne, ƙuruciya ce ke ɗibarsa. Ni ma ina da ƙane mai taurin kai.”

“Ranka ya daɗe, ba ya nufin kowa da sharri.”

“Na sani. Shi ya sa na kira ki. Saƙo ya zo daga garinku, mahaifiyarku tana kwance, jiki ya yi tsanani, sunansa kawai take kira. Gwamnati ta yi afuwa ga irinsu waɗanda ba su ɗauki bindiga ba. Ki ce ya zo, ni da hannuna zan ba shi takardar wucewa. Don ke zan yi, shekara nawa kina mana hidima.”

Ta durƙusa ta yi masa godiya. Har hannunsa ta sumbata.

Abelardo bai yarda ba da farko. Griselda ma ta zo wurina ta ce tarko ne, ko yaro ya san tarko ne. Amma Herminia ta dage. A gabana ta riƙe rigarsa tana cewa, “Ni ban ga Mama ba tun ina yarinya, kuma ba zan gan ta ba. Kai da za ka iya, sai ka bari ta mutu tana kiran sunanka? Mutumin nan ya ba ni kujera, Abelardo. Ya kalli idona.” Ni ma da aka tambaye ni na ce ban sani ba, don ban sani ba ɗin. Mako bai cika ba ya shiga Gidan Tuta da ƙafarsa, ya fito da takarda mai hatimi. Herminia ta cika masa jaka da guzuri, ta saka masa a ciki wani mayafi baƙi mai kyau da ta daɗe tana ajiya, ta ce ya kai wa Mama. Griselda ba ta bi shi ba, tana da ciki ya tsufa.

A bakin iyaka aka sauke shi daga bas. Wata mata da suka zauna kujera ɗaya ce ta aiko da labari. Bayan wasu makonni aka tsinci gawarwaki a gefen wata gonar rake, nasa a ciki, an ɗaure hannuwan da waya.

Herminia ba ta ji nan da nan ba. Ni na ji, na rasa bakin gaya mata, ina ta cewa gobe. Ana cikin haka ranar bikin 'yancin ƙasarsu ta zo, aka yi liyafar rana a lambu, aka gayyato hafsoshi da 'yan kasuwa da matansu. Don Fermín, maƙwabcinmu da ake ɗauka haya ya raba abinci a irin waɗannan bukukuwa, yana wurin, shi ya ga komai. Ya ce bayan an ci an sha Kanar ya buga cokali a jikin kofi, ya sa aka kira kuku. Herminia ta fito tana goge hannu, ta ɗauka yabon girki za a yi.

“Jama'a,” in ji Kanar, “gwamnati tana kashe dukiya wajen horar da 'yan leƙen asiri, ashe gwanar tana kicin ɗinmu. Akwai wani ɗan iskan malami da ya dame mu da ihu a bakin ƙofa. Mun yi ta neman hanyar da za mu mayar da shi gida mun rasa. Wannan baiwar Allah, yayarsa uwa ɗaya uba ɗaya, ita ta kawo mana shi har ofis. Ku tafa mata.”

Suka tafa. Wasu ba su gane ba ma, suna tafi suna murmushi.

Herminia ta ce, “Ranka ya daɗe, ya isa lafiya? Ya ga Mama?”

“Ya same ta, Mina, kada ki damu. Tsohuwar tun kafin damina take cikin ƙasa, shi ma yanzu yana can. Suna tare.” Ya juya wurin baƙinsa. “Af, a kawo kayan zaƙi mana.”

Don Fermín ya ce ba ta faɗi ba, ba ta yi ihu ba. Ta koma kicin, ta yanka kek, ta jera a faranti, ta miƙo masa.

Don Fermín ba mugu ba ne, amma ba ya iya riƙe magana. Kafin Asabar labari ya kai ga 'yan gudun hijira, kuma yadda ya isa gare su shi ne kukun Gidan Tuta ta sayar da ƙanenta, har an yi mata tafi. Da ta fito cefane suka tare ta a gaban tukunyata. Griselda ce a gaba, da jariri a kafaɗa. Ta miƙa wa wata jaririn, ta ɗauke Herminia da mari har kwandon ya faɗi.

“Nawa suka ba ki? Faɗa mini, karyar sojoji! Nawa ne kuɗin Abelardo?”

“Ban sani ba, 'yar'uwa. Wallahi ban sani ba. Bari in ga yaron.”

“Ki gan shi? Don ki kai musu shi ma?”

Wani ya tofa mata yawu a fuska, wata ta tattake tumatirin da ya zube. Na ɗaga ludayina mai zafi na shiga tsakani ina zaginsu, na ce ni shaida ce yaudararta aka yi. Ba wanda ya saurare ni. Daga ranar suka daina sayen komai a wurina, suka ƙara sunanta a cikin waɗanda suke la'anta duk Asabar. Tana kicin tana jin su.

Na ce mata ta taho gidana, akwai wuri a ɗakin 'ya'yana mata. Ta girgiza kai.

“A waje za su kashe ni, ƙawata. A ciki kuma an riga an gama.”

“To sai ki ci gaba da dafa wa wannan azzalumin?”

“Me na iya ban da shi?”

Ta ci gaba da kai masa gahawa kowace safiya. Yakan tambaye ta lafiyarta. Wani lokaci ya ce, “Ina wasu 'yan'uwan, Mina? Babu saura?” Ta daina dariya, ta daina zuwa coci, ƙibarta ta zube har rigunanta suka koma kamar na aro. Takan zo wurina ta zauna a kan akwatin gawayi, in zuba mata kunu ya huce a hannunta.

Girgizar ƙasar shekarar tamanin da biyar ta rushe gidaje da yawa a unguwarmu. Gidan Tuta bai faɗi ba, amma ya tsage daga sama har ƙasa, barandar ta rufto. Cikin 'yan kwanaki aka kwashe ofis aka mayar wani dogon bene na gilashi a unguwar masu kuɗi, jakada ya kama gida dabam da sabon kuku namiji. Aka ce Herminia ta zauna ta yi gadin abin da ya rage. Babu wuta, babu ruwan famfo. Daga gidana nake aika mata da jarka. Albashinta, wanda da ma ba kullum yake zuwa ba, ya tsaya gaba ɗaya.

Bayan wasu shekaru sojoji suka sauka, aka yi zaɓe a ƙasarsu. Sabon jakadan da aka turo mun san shi sarai, Dakta Ulloa, lauya, yana cikin masu riƙe lasifika a bakin ƙofa a da. Herminia ta ɗan farfaɗo da ta ji. Ta ce yanzu nasu ne ke mulki, za ta je ta roƙa a ba ta fasfo ta koma gida, ko kabarin Mama da na Abelardo ta gani. Na ba ta aron takalmi, na raka ta. Ba ta taɓa shiga lif ba, ta riƙe hannuna har muka kai sama.

Mun daɗe a zaune kafin ya fito. Yana ganinta ya gane ta.

“A'a, kukun Kanar ce da kanta. Me aka dafa mana yau?”

“Ranka ya daɗe, gida nake so in koma.”

“Wane gida? Mun bincika kayan da suka bari, babu inda aka ce ke ma'aikaciyarmu ce, babu ma abin da ya nuna ke 'yar ƙasarmu ce. Wa zai tsaya miki? Kawo ɗan'uwa ɗaya ya shaide ki.” Ya dafa goshi. “Af, na manta. Ɗayan da kike da shi ai kin riga kin yi maganinsa.”

Na ce, “Ranka ya daɗe, ka ji tsoron Allah. Matar nan tun tana yarinya take bauta a gidanku.”

“Baiwar Allah, ke 'yar Mexico ce, wannan maganar gida ce.” Ya dubi Herminia. “Tsohon gidan an sayar, za a rushe. Ki kwashe tarkacenki kafin ƙarshen wata.”

A hanyar fita muka wuce wani allo da aka liƙa hotunan bikin sulhu da aka yi a ofishin kwanan baya. Herminia ta tsaya. Ga Dakta Ulloa yana musabaha da Kanar Bustillo, wanda ya yi ritaya ya sayi gida a bakin teku a nan ƙasarmu, ya yi furfura, ya yi kyau. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, “Ya rame kaɗan. Ba ya son gishiri da yawa, wataƙila ba su sani ba.” Ban san ko ba'a take yi ba, ban kuma tambaye ta ba.

Kayanta duka a buhu biyu suka shiga. Ta zauna a gidana sauran shekarunta, tana taya ni wanke ɓawon masara da naɗe tamal, amma ba ta sake kusantar murhu ba. Ko ruwan zafi ba ta ɗorawa. Jikokina suna kiranta Kaka Mina, takan yi musu kitso, wani lokaci ta kira ƙaramin da sunan Abelardo ba ta lura ba. Sau ɗaya ta sa na kai ta unguwar da Griselda take, muka tsaya a tsallaken titi lokacin tashi daga makaranta. Ta nuna mini wani yaro siriri ta ce shi ne, duk da ba wanda ya gaya mata. Ba ta tsallaka ba.

Da damina ta rasu, bayan ciwon ciki da ta ɓoye mana har ya ci ƙarfinta. Na koma benen gilashi don in sanar da su, ko za su kai ta gida kamar yadda ake kai wasu. Jakadan ya canja, wata budurwa mai fara'a ce a bakin taga. Ta saurare ni da ladabi, ta shiga ciki ta dawo, ta ce ta yi baƙin ciki ƙwarai amma ba su san wannan sunan ba.

A maƙabartar talakawa ta unguwar Iztapalapa muka binne ta, ni da 'ya'yana da Don Fermín, wanda ya tsufa har sai an riƙe shi. Na aika wa Griselda, ban sa ran za ta zo ba. Ana cikin zuba ƙasa sai ga ta da lema, ita kaɗai, ta tsaya nesa kaɗan. Da aka gama na je wurinta na ce na gode da ta zo, da Mina za ta gani da ta ji daɗi.

“Ba don ita na zo ba,” ta ce. “Na zo in gani da idona ne.”

Na ce ko za ta bari wata rana in kawo yaron ya ga kabarin gwaggonsa.

“Ubansa ba shi da 'yar'uwa. Haka na gaya masa.”

Ta gyara lemarta ta nufi ƙofa. Ruwan ya ƙaru, Don Fermín yana tari, muka nemi tasi muka koma gida.